Abin da ya taso a ƙwaryar koko

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Dapango ba, ko da na so in manta, mutanen zangon Sokode ba za su bar ni ba. Lokacin mulkin Faransa ne, ina tuƙa motar Alhaji Mamman, wani dillalin shanu da ya sayi wata jar mota a hannun Bature mai sayen auduga da zai koma ƙasarsu. Mota ce gajera, cikinta kusan yana shafar ƙasa, wadda aka yi ta don gudu kawai. Ni ne direbanta, ni ne kuma makanikenta, domin na ɗan zauna a gareji (na share gareji, in za a faɗi gaskiya), kuma na gaya wa Alhaji cewa babu ƙarfen da ke cikin motar nan da ban san sunansa ba.

Matsalarta ɗaya ce, kafireto, inda fetur ke bi kafin ya shiga inji. A cikinsa akwai wani ɗan gwangwanin tagulla mai kamar ƙwan zabo, muna ce masa fulota. Yana yawo ne a kan fetur. In fetur ya cika sai ya taso ya tura wata allura ta toshe hanya, in ya ragu sai ya sauka ya buɗe. In ya ƙi tasowa a kan lokaci, fetur ya yi wa inji yawa, mota ta shaƙe. Tamu ta fara wannan hali, ni kuwa duk safiya sai in buɗe, in lanƙwasa ɗan harshen da ke jikinsa, in rufe, in share hannu ina kallon mutane kamar likita.

Ana haka waya ta zo daga Dapango cewa jikin mahaifiyar Alhaji ya yi tsanani, tana kiran sunansa. Akwai babbar mota mai tashi arewa a ranar, Alhaji har ya ce a tsayar da ita. Ni na hana.

Na ce, "Haba Alhaji, kana da wannan za ka hau bayan buhuna? Kafin waccan ta kai Kara, mu mun sha ruwa a gidan Inna."

Muka kama hanya. Da farko ta yi gudu har Alhaji ya riƙe hularsa. Bayan mun wuce Kara sai ta fara tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, warin fetur ya cika mu, ta mutu. Na buɗe, na goge fulogi, na lanƙwasa harshe, ta tashi. Ta sake mutuwa, na sake lanƙwasawa. Haka muka yi ta yi har babbar motar nan ta zo ta wuce mu, fasinjojinta suna leƙo mu daga saman kaya. Alhaji bai ɗaga mata hannu ba, domin na rantse masa saura kaɗan. Kwana muka yi a hanya. Washegari wata motar ɗaukar gyaɗa ta ɗaure mu da igiya daga Mango, ta ja mu har Dapango.

Tun daga bakin layi muka ga tabarmi a ƙofar gida. An riga an dawo daga maƙabarta. Alhaji ya fito daga mota, ya zauna a kan tabarma, ya karɓi gaisuwa. Bai yi kuka ba, bai zage ni ba, bai ko kalle ni ba. Da ma ya mare ni, da na fi samun barci.

Ranar addu'ar uku da safe na kasa zama. Na ce ko ba komai in gano abin da ya ci mu. Na ciro fulota, kuma a karon farko a rayuwata na kai shi kunne na girgiza. Sai na ji cakal-cakal. Ashe ya huje ne, ya sha fetur ya yi nauyi, shi ya sa ba ya tasowa. Duk lanƙwashe-lanƙwashen da na yi tun daga Sokode, harshen da ba shi da laifi nake ta azabtarwa.

Na tuna yadda na ga ana yi a gareji: a tsoma shi cikin ruwan zafi, fetur ɗin ya fita, kumfa ta nuna inda hujin yake, sannan a liƙe da dalma. Na zagaya bayan gida, sai ga wata ƙatuwar tukunya a kan murhu tana tafasa, ba kowa kusa, matan duk sun shiga tarbar wasu baƙi masu kuka. (Mai hankali zai tambayi kansa, ruwan me ake tafasawa a gidan makoki da safe? Ni ban tambaya ba.) Na jefa fulota a ciki. Kumfa ta fara fita daga gefen ɗinkinsa, siririya. Har na yi murmushi, wanda rabona da shi tun Kara.

Nan wani dattijo ya leƙo ya ce, "Kai direba, kana nan ana neman mai ɗauko tabarmi? Zo maza." Na ce a raina bari in je in dawo, kafin nan ya gama amai. Na kwaso tabarmi, na shimfiɗa, kafin in miƙe Liman ya ce salati, kowa ya zauna. Aka matse ni a tsakiyar sahu, gwiwar wani a haƙarƙarina, babu hanyar fita.

Aka shafa Fatiha. Sai aka shigo da ƙosai da wata babbar ƙwarya ta kokon sadaka, aka dire gaban Liman. Na ga tururi yana tashi, sai na tuna da tukunyar bayan gida. Liman ya ɗauki ludayi, ya kai baki, ya tsaya. Ya shinshina. Ya sake juya kokon, sai ga abu ya taso a hankali, yana ƙyalli, ya tsaya a tsakiyar ƙwarya yana lilo. Abin da ya ƙi tasowa tun daga Sokode, yau ya ga damar tasowa.

Wani ya ce, "Innalillahi! Laya ce ta ƙarfe!"

Wani ya ce, "Sammu a gidan mutuwa? Wa ya dama kokon nan?"

Aka kira Yaya Azumi, yayar Alhaji, wadda ta yi jinyar tsohuwar har ta cika a hannunta. Ta tsaya a bakin zaure, mayafi a fuska, tana rantsuwa tana kuka cewa ita ruwa kawai ta juye a gasara. Na so ƙasa ta tsage. Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, na ce, "Allah gafarta Malam, nawa ne. Na mota ne."

Liman ya dube ni ya ce, "Motar ce ta ce tana shan koko?"

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi min ciwo. Na tsallaka ƙafafun mutane, na sa hannu cikin koko mai zafi na tsamo shi. Ina juyawa Alhaji ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya goge shi da bakin rigarsa, ya juya shi a tafin hannu.

Ya ce, "Wannan ne ya hana ni ganin Inna?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji. Huji ne a gefensa."

Ya ce, "Ina hujin?"

Na nuna masa. Sai da ya kai shi kusa da ido kafin ya gani, bai fi bakin allura ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe fuskarsa da hannun riga, kafaɗunsa suka fara rawa. A nan ya yi kukan da bai yi ba tun zuwanmu, gaban jama'a, ni kuma ina tsaye a kansa koko yana ɗiga daga gwiwar hannuna.

Aka zubar da kokon, mutane suka ci ƙosai gaya. Na durƙusa na ba Yaya Azumi haƙuri, ta ce ta yafe, amma har ta rasu in na je gidan da kanta take tsaron murhu. Alhaji bai kore ni ba. Ya sayar da motar, ya mai da ni mai rakiyar shanu zuwa kasuwar Gando, da ƙafa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In abu ya lalace, ina fara kai shi kunne in saurara kafin in lanƙwasa masa wani abu. In kuma na ga tukunya a kan wuta ba kowa kusa, ina sa hannuwana a aljihu in wuce, domin ba ni aka ɗora wa ba.