Koren Fenti a Kan Babur Ɗan Jamus

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na kai babur ɗina taron masu tara tsofaffin babura ba, kuma har yau ban ba kowa haƙuri ba.

Babur ɗin ƙirar Jamus ne na bayan yaƙin duniya na biyu, mai injin da ya leƙo dama da hagu kamar kunnuwan tukunya. Wani dattijo maƙwabcina a unguwar Abbey Wood, nan ƙasar Turawa, ne ya sayar mini. Baƙi ne, fentinsa ya koɗe, da wasu siraran fararen layuka a jikin tanki.

Ni kuwa a Gusau na tashi, inda fita da koɗaɗɗen babur abin kunya ne. Don haka na bi tsari. Na farko, na kankare tsohon fentin tas. Na biyu, na shafa kore mai sheƙi. Na uku, na sa aka ɗinka wa kujera riga mai geza. Na huɗu, na rubuta "Allah ya kiyaye" a baya (da rula na auna layin, ba na aikin ganin dama).

Ina cikin kankara matata ta leƙo. "Baban Hanifa, ka kuwa tambayi masu abin?"

Na ce, "Hajiya, ni za a koya wa babur?"

Abokina Alhaji Sabo na Lewisham ne ya yi mana booking, wato rajistar shiga gasar da ake yi a taron. Kafin ranar na riga na shaida wa majalisarmu ta bayan Juma'a cewa kyauta zan ɗauko.

Muka tarar da babura a jere a kan ciyawa, kowanne da tsatsarsa. Har tausayin masu su na ji. Alƙalin gasar, wani tsohon Bature, ya duba lambar inji, ya duba ta gangar jiki, ya ce sun dace, abin da ba a cika samu ba. Na gyara zaman hula. Sai ya shafa tankin.

"Ina fararen layukan?"

"Na goge su. Sun tsufa."

Ya ce da hannu ake jan su a masana'anta, da burushi, kuma fentin asali shi ne abin da duk mutanen nan suke nema. Ya cire tabarau ya rufe fuska. Jama'a suka kewaye ni suna ɗaukar hoto. Alhaji Sabo ya koma gefe yana latsa waya kamar bai taɓa ganina ba.

Can ya matso ya raɗa mini, "To Malam, me zan gaya wa majalisa?"

Na ce, "Tsaya ka gani." Na hau, na buga sau ɗaya, injin ya amsa. Wasu nasu kuwa a bayan mota aka kawo su.

Na koyi darasi: a garin nan, kafin ka goge dauɗar tsohon abu, ka tambaya ko dauɗar ake so. Taron baɗi kuwa, na riga na sa sunana.