Rasuwar Konsatinar Delia

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Malachy Considine na garin Kilrush, dillalin tsofaffin konsatina (ƙaramin abin kiɗan nan mai zugazugi da maɓallai, da ake ja ana matsawa tsakanin hannu biyu), yana sanar da 'yan uwa da makaɗa rasuwar konsatinar matarsa Delia, konsatinar da gida ke kira Tsohuwa. Ta cika ranar Lahadi bayan an taso daga coci, tana da shekara ɗari da ashirin da wani abu.

A Landan aka ƙera marigayiya. Malachy ya saye ta a gwanjo da niyyar sayarwa, sai Delia, wadda a lokacin yake nema, ta saka hannuwanta a maɗaurin ta ja zugazugin sau ɗaya. "Malam, wannan dai ta bar kasuwa," in ji ta. Shekara arba'in da ɗaya, ɗaruruwa sun shigo shagonsa sun fita, ita ko taya ta bai bari an yi ba.

'Yar ƙarama ce, mai haƙuri, ba ta taɓa shaƙewa ana tsakiyar rawa ba. Maɓallinta ɗaya na hagu yana cewa "kyat" kafin ya ba da sauti, kuma duk wanda ya taka rawa a kicin ɗin Delia ya san wannan "kyat" ɗin. Makwancinta alkukin gefen murhu, inda matan yankin nan ke ajiye tasu don ɗumi ya tsare ta.

Ciwon ajalinta ya fara ne shekara shida da suka wuce, da Allah ya ɗauki Delia. Tun daga nan Malachy ya kasa taɓa Tsohuwa. Ya kasa hura murhun ma, ya koma jin ɗumi da hita a ɗakin baya. Kaico! Mutumin da bai taɓa sallamar mai saye ba sai ya ja masa kunne, "Ka riƙa kaɗa ta, kada ka bar ta a danshi," shi ne ya bar tasa damina shida a bango mai sanyi.

Ranar Lahadin, 'yarsu Attracta ta ce, "Baba, ko sau ɗaya ne, mu ji muryar Mama." Ya ɗauko ta daga alkukin. Kafin ya ankara hannunsa ya yi abin da ya saba yi wa kowace haja: ya riƙe ta ta gefe ɗaya, ya saki ɗayan don ya ga ƙarfin zugazugin. Fatar ta riga ta ruɓe. Ta ce "fuuu," ta rabe biyu. Ko "kyat" ɗin ba su samu ba.

Ta bar akwatinta na katako, da konsatina goma sha bakwai a shago waɗanda ba wadda ta san hannun Delia, da dattijo guda da ke ta cewa, "Ni na kashe ta, Attracta, ni."

Ana roƙon abokan sana'a, musamman Packie Hehir da ya riga ya bugo waya sau biyu, su daina tambayar harsunan ƙarfen cikinta masu ba da sauti. Malachy ya sha farke matattun konsatina don gyaran masu rai, amma wannan ba za a cire mata ko ƙusa ba.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis da la'asar a kicin ɗin gidan. Akwai shayi da burodi. Kada kowa ya zo da abin kiɗa. Za a mayar da ita alkukinta, kuma Malachy da kansa zai hura murhun.