Ranar da Na Ce a Ba Yohanna

A shekarar farin nan da jar dawar taimako ta fi nama daraja a Damagaram, aka haɗa wasan ƙwallon kwando tsakanin malaman lakwal, wato makarantar boko, da sojoji. Ladan wanda ya ci buhunan dawa ne. Ni nake horar da malamai, kuma da yake lissafi nake koyarwa, ba na son gardama.

Muna da Habu, mutumin Gouna, wanda duk gari ya yarda in wasa ya zo ƙarshe hannunsa ba ya kuskure. Ni kuwa na zauna na lissafa wasanninmu, na gano ɓararwarsa ta fi cinsa yawa. Yohanna, malamin tarihi, shi kaɗai ne bai taɓa ɓarar da ko ɗaya ba.

Ana dab da tashi, sojoji na gabanmu da ƙiris, na tara ƴan wasa na ce, “A ba Yohanna.”

Habu ya ce, “Mushe,” yadda ake kiran malamin lakwal, “lafiyarka kuwa?”

Na ce, “Lissafi ba ya ƙarya.”

Aka ba Yohanna. Ya rungume ƙwallo a ƙirji kamar jariri, yana waige-waige, har aka busa tashi. Da na tsare shi, sai ya ce, “Ai ni ban taɓa jefawa ba, Mushe.”

Sojoji suka loda dawa a mota, matan malamai suka daina amsa gaisuwata. Har yau in Habu ya hango ni a kasuwa, sai ya nuna jakin wani ya ɗaga murya: “Mushe, wannan bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. A naɗa shi darekta?”