Ranar da Na Turara Furen Amarya

Ko na manta komai na zamana a Dubai, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar walimar Safiyya ba. An kwana biyu, gashina ma duk ya yi fari, amma har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A lokacin ina zaune a Abu Hail, ina dafa tuwo da miyar kuka ina aika wa 'yan kasuwarmu na Murshid Bazaar. Safiyya 'yar ƙanena ce. Ta gama karatun haɗa magunguna, ta samu aiki, ta kuma samu miji. An ɗaura aure a Kano, amma biza ta ƙi fito wa mahaifiyarta, don haka walimar mata ta Dubai ta faɗo a wuyana. Ni ce uwa, ni ce gwaggo, ni ce mai ba da umarni (Allah ya sani, wannan na ƙarshen ya fi min daɗi).

Yarinyar nan abu ɗaya tak ta roƙa. Akwai wani fure da ta gani a bikin ƙawarta ya shiga ranta, suwit-fi suke ce masa, shi take so a hannunta da kan teburori. Ba ya jure zafin Dubai, a jirgi ake kawo shi daga ƙasashen sanyi, shi ma sai lokacinsa. Mako biyu ana jira kafin ya iso.

Wadda ta kawo shi Rifkatu ce, wata 'yar Kafanchan mai aiki a shagon furanni a Satwa. Ranar Alhamis da safe ta shigo da bokiti huɗu, tunda ɗakin taron kusa da gidana yake, motar shagonsu kuma ba ta fita ran Juma'a. Na leƙa. Ga ruwan hoda, ga fari, ga shunayya, laushi kamar fiffiken malam-buɗe-littafi. Na ce a raina, ashe furen wake ne aka yi wa kwalliya.

"Mama, ki saurare ni da kyau," in ji Rifkatu. "Na yanke gindin kowanne a karkace, na tsige ganyen ƙasa. Ruwa kaɗan yake so, mai sanyi, gobe da safe a canja. A bar esi a kunne ɗakin ya yi sanyi, a ja labule. Kada a ajiye kayan marmari kusa da shi, kada kuma hayaƙi ya taɓa shi. Gobe in na fito daga coci zan zo in shirya." (A Dubai ta wancan lokacin Juma'a ce ranar hutu, ranar suke zuwa coci.)

Ni kuwa kunnena ɗaya yana kan waya, ina faɗa da tela a kan ɗinkin anko.

"Na ji, na ji, khalas, shi ke nan. 'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake roron wake a gonar babana."

Ta yi murmushi ta tafi.

Da azahar aka kawo kwali uku na ayaba da mangwaro na baƙi. Na duba gidan, babu inda ya fi ɗakin furen sanyi, sai na ce a jibge su a can. Da na shiga gyara su na sunkuya na shinshina furen. Ƙamshi yana nan, kamar zuma da ɓawon lemo, amma a hankali yake fita, sai ka ce mai jin kunya. Raina bai kwanta ba. Mu a wurinmu kayan amarya ba sa fita ba turare. Zani a turara, labule a turara, har tsintsiya ba ta tsira. To a kan me furen da za ta riƙe a gaban dangin miji zai fita haka salam?

Na ɗauko turaren wuta na Maiduguri da na ɓoye shekara biyu ina jiran babbar rana. Na hura gawayi a kasko, na zuba ba rowa. Na kashe esi don kada ta zuƙe hayaƙin, na rufe ƙofa, na toshe ƙarƙashinta da tsumma. Bayan magariba na ƙara wani zubin (mai aikin kirki ai ba ya yin rabi). Esi kuwa ban sake tunawa da ita ba.

Washegari da hantsi mata suka cika falo, ana suya ana hira. Na ce, "Yalla, ku taso ku ga furen da ya hau jirgi ya zo bikin 'yata." Suka biyo ni a layi, maƙwabciyata Hajiya Ladi a gaba. Na janye tsumma, na tura ƙofa da alfahari.

Furen yana ƙasa. Ya zube a kan tayil kamar an yi ɓarin gari, a bokiti kuwa sai tsinkaye a tsaye kamar na tsire bayan an cinye nama. 'Yan kaɗan da suka rage sun langaɓe. Na taɓa ɗaya, ya faɗo a tafin hannuna.

Nan ne na yi abin da ya fi turaren muni. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na kira Rifkatu, na buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Na ce ta kawo mana tsohon fure don ta ga ba mu san Turanci ba. Na ce ta ci amanar yarinya ranar bikinta. Ba abin da ban faɗa ba. Ita dai cewa ta yi, "Mama, ina zuwa."

Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga ta da kayan cocinta, ta baro sujada a tsakiya. Tana sa ƙafa a ɗakin tari ya sarƙe ta. Ta dubi kasko, ta dubi esi, ta dubi ayabar da ta nuna ta yi luguf. Sannan ta dube ni.

"Mama, wa ya gasa su?"

Na gyara ɗaurin ɗankwalina.

"Gasawa kuma? Ɗan turare na sa musu, shwayya kawai."

Hajiya Ladi ta riƙe ciki. "Shwayya? Hajiya, jiya har a lif sai da na yi atishawa! Na zaci gobara ce mai ƙamshi."

Dariya ta ɓarke. Rifkatu ba ta yi ba. A natse ta bayyana mana cewa ayaba da mangwaro in suna nuna akwai wata iska da suke fitarwa, hayaƙi ma haka, ita ce ke sa wannan fure ya saki jikinsa ya zube. Ni kuwa na haɗa masa duka biyun, na ƙara da zafi, na kulle ƙofa. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja tayil na rufe kaina.

Na ce, "To yanzu me zan ce wa Safiyya?"

"Kada ki ce mata komai tukuna. Na amarya ba ya nan. Dami biyu na bari a ɗakin sanyi na shago, don na hannu a ranar nake ɗaure shi."

Wallahi sai da na zauna a kan kwalin mangwaro.

Ta sa muka tsince duk furen da ya zube bai yanƙwane ba, ta zuba ruwan sanyi a ƙananan kwanonin gilashi, ta watsa su a kai suna yawo. Ta hau tasi zuwa Satwa, ta dawo da damin nan biyu a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar takarda, da farin wardi da ɗanyen ganye na cike gurbi. Kafin la'asar teburori sun haɗu. Da Safiyya ta shigo ta kai furen hancinta ta lumshe ido, na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina.

Zan iya yin shiru, amma a gaban mutane na zagi yarinyar nan. Bayan an ci abinci na karɓi lasifika, na faɗi abin da na aikata tun daga ayaba har tsumma, na ce, "Rifkatu, 'yata, ki yafe min." Ta rungume ni ta ce ya wuce. Safiyya ta yi dariya har kwallinta ya zubo, ta ce, "Gwaggo, Allah ya so ni ban kwana a ɗakin ba."

Abin da na koya a ranar ba shi da yawa. Shekaru ba sa sanar da mutum komai a kan abin da bai taɓa gani ba, murya kawai suke ƙara masa. Tawa kuwa, ranar, har hawa na uku an ji ta.