Ranar Da Na Yi Wa Surukina Ruwan Sama

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na yi wa surukina ruwan sama da hannuna ba, a saman benenmu na unguwar Ruwais, da rana tsaka, babu ko ɗigon gajimare a sararin Jidda.

Bari in faro daga inda ciwon ya kama ni. Ni haifaffen Jidda ne, babana ma nan aka haife shi. Ruwan sama a wurinmu baƙo ne, ya leƙo sau ɗaya ko biyu a shekara, kowa ya fito ɗaukar hoto, ya wuce abinsa. Aikina tuƙi ne a wani gida a unguwar Abhur, rabin aikin direba kuwa jira ne. A cikin wannan jiran na faɗa kallon wasu Turawa a waya. Su shiga daji, su ɗaura gadon lilo tsakanin bishiya biyu, su ja tampol a samansa, su kwanta ruwa yana ta zuba ba ya taɓa su. Wannan ƙarar ruwa a kan tampol ita ta tafi da hankalina.

Na sayi gadon lilo biyu, nawa da na matata Ruƙayya. Zaɓen tampol kuwa wata uku ya cinye mini. Akwai mai kusurwa huɗu, akwai mai kusurwa shida, akwai mai ƙofofi da ake rufewa idan iska ta taso. Na san wanda ya fi nauyi, na san wanda ya fi saurin bushewa, na san dole tsawonsa ya zarce na gadon ta kai da ta ƙafa. (Mutumin da bai taɓa mallakar lema ba ke nan.) Akwai ranar da Ruƙayya ta tambaye ni abin da za a dafa, na ce mata mai kusurwa shida. Shi ɗin na saya a ƙarshe, kore, idan ka naɗe shi bai fi burodi girma ba.

Burina ɗaya ne. In na sami hutu, mu hau duwatsun Abha inda ake ruwa, mu biyu rak, mu kwana huɗu a ƙarƙashin wannan tampol. Tun da muka yi aure ba mu taɓa tafiya mu kaɗai ba, ko'ina da dangi. Ruƙayya ta ce ta yarda, amma sai babanta ya yarda, don tun tana ƙarama sanyi kaɗan ke kwantar da ita, shi kuma ba ya wasa da wannan.

Babanta Idrisu, wanda nake kira Ammi kamar yadda ake kiran suruki a nan, ya fi shekara talatin yana aiki a tashar jiragen ruwa, yana lulluɓe buhunan shinkafa da na sukari da tampol kafin a kwashe su. Dogo ne, marar yawan magana, irin dattijon da idan ya yi gyaran murya kake duba ko rigarka a daidai take. Na yi masa bayani na kusan rabin awa. Ya saurara, ya kurɓi shayi.

"Akwai otal a Abha," ya ce.

"Ammi, otal ba ya ƙarar ruwa."

Ya daɗe yana kallona. "Tayyib, na ji. Nuna mini. Ni zan kwanta a ciki. In ruwa bai taɓa ni ba, ba zai taɓa 'yata ba. In ya taɓa ni, halas, magana ta ƙare, otal."

Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa ina za a samo ruwan sama a Jidda a tsakiyar zafi. Ni na riga na hango tiyon da muke wanke bene da shi.

Ranar Juma'a tun da safe na hau sama. Bishiya dai babu, sai na ɗaura gadon tsakanin ƙarfen dish da ƙafar tankin ruwa. Na ja igiya a samansa, na ɗora tampol ya sauko gefe da gefe kamar rufin bukka, don ruwa ya gangara. Babu ƙasar da zan kafa turaku, sai na ɗaure kusurwoyin a jikin bulo huɗu da tukunyar gas biyu. Na ja, na sassauta, na sake ja, har ya miƙe tsaf babu ko lanƙwasa. Na ja da baya na kalle shi, wallahi sai da na ji ƙwalla.

Bayan an sauko daga masallaci Ammi ya iso, tare da surukata Khala Zainabu. Yana sanye da sabuwar farar jallabiya, don daga nan walima za su wuce. Ya zagaya aikina sau biyu, ya taɓa ƙulli, ya ja igiya. Sai ya ce wa Ruƙayya ta ba shi tsumma. Ya yage shi gida biyu, ya nufi igiyar da ta riƙe gadon zai ɗaura.

Na sha gabansa. "Ammi, da ka bar shi. Zai ɓata hoton." Ban tsaya nan ba, har da 'yar dariya na ƙara da cewa, "Wannan ba buhun shinkafa ba ne."

Ya kalle ni, ya kalli tsumman, ya sa shi a aljihu. "Tayyib," ya ce.

Da ƙyar muka shigar da shi, don gwiwoyinsa ba sa son lanƙwasa. Ya miƙe a ciki, ya harɗe hannu a ƙirji. Ni kuma na hau kujera da tiyo, na danne bakinsa da babban yatsa, na ce wa Ruƙayya ta buɗe famfo.

Ƙarar nan ta tashi. Ita ce, sak irin ta cikin waya. Daɗi ya rufe ni har na manta da wanda ke kwance a ƙasan tampol ɗin. Maƙwabta suka fara fitowa saman nasu benayen suna kallon ikon Allah. Ganin na sami 'yan kallo, sai na shiga yi musu sharhi.

"Wannan yayyafi ne," na ce da ƙarfi. "Yanzu kuma ga ruwan Abha."

Na saki ruwa ko'ina. Na jiƙa tampol, na jiƙa bulo, na jiƙa igiyoyin gadon tun daga ƙarfen dish har ƙafar tanki, don ruwan gaske ai ba ya zaɓe.

"Ya waladi," wato ɗana, na ji muryar Ammi daga ciki.

"Saura kaɗan, Ammi."

Bayan ɗan lokaci, "Ya waladi, bas, ya isa."

Na ɗauka abin ne ya burge shi har ya gamsu. (Allah Ya shirye ni.) Na ce, "Tukuna, Ammi, ba ka ga ruwa da iska ba." Na shiga kaɗa tiyo hagu da dama ina yin kukan iska da bakina.

Khala Zainabu ce ta duƙa ta leƙa. "Ruƙayya, me ya sa babanki yake sauka ƙasa?"

Na diro daga kujera na leƙa ni ma. Cikin gadon ya kumbura ya yi tumbi, ya kusa taɓa siminti. Ashe duk ruwan da nake watsa wa igiyoyin nan bin su yake yi, ya silalo ta ƙarƙashin tampol daga kai da ƙafa, ya taru a inda ya fi zurfi. Inda ya fi zurfi kuwa nan Ammi yake. Yadin gadon ba ya saurin zubar da ruwa, ya riƙe shi kamar baho. Dattijo yana kwance cikin tafki, hannu a ƙirji, ya kasa tashi, ni kuma ina kansa ina kukan iska.

Muka kama shi ni da Ruƙayya muka miƙar. Ruwa ya kwaranyo har kan takalman Khala. Ta gaba Ammi a bushe yake ƙayau, hularsa ko ɗigo babu. Ta baya kuwa, daga kafaɗa har ƙwauri, farar jallabiya ta manne a jiki, ta bayyana wa Ruwais gaba ɗaya gajeren wando mai ratsin ja da kore. Akwai abubuwan da bai kamata mutum ya sani game da surukinsa ba. Ni na sani, maƙwabtana ma sun sani.

A nan ne ya kamata in durƙusa in ba da haƙuri. Maimakon haka sai na ji bakina yana cewa, "Amma dai tampol ɗin bai yi yoyo ba, Ammi."

Ruƙayya ta rufe fuska da mayafi. Ni kaina na so benen ya tsage in faɗa har ƙasa.

Ammi bai ɗaga murya ba. Ya juye ruwan gadon, ya zaro tsumman nan daga aljihu, ya ɗaura ɗaya a kowace igiya, daidai inda ta shigo ƙarƙashin tampol, ya bar bakinsu yana reto. Ya nuna mini gadon. "Shiga."

Na shiga. Ya ɗauki tiyo ya saki ruwa a kan igiyoyin. Ina kwance ina kallo, ruwa ya biyo igiya a guje, ya iso kan tsumma, ya sauka ta bakinsa yana ɗiga a siminti. Ko ɗigo bai ƙaraso wurina ba.

"Ka gani?" ya ce. "Buhun shinkafa."

"Na gani, Ammi. Ka yi haƙuri."

"Lissa, da saura, ba ka gama gani ba." Ya kwance tsummansa biyu, ya mayar aljihu, ya koma kan tiyo. Ya ce wa Khala ta duba masa agogo. Daidai mintunan da na yi masa ya yi mini, bai rage ba bai ƙara ba, har da ruwa da iska. Kukan iskar ne kawai bai yi ba, don shi mutum ne mai mutunci.

Da na fito ina ɗiga, ya yanke hukunci. "Ruwa ya taɓa ni. 'Yata otal, ita da uwarta. Kai kuma ba za a bar ka ka shiga daji kai kaɗai ba. Gadon biyu ne, ko?"

Haka aka yi. Tafiyar da na tsara ta mu biyu rak, mu biyu rak ɗin muka yi ta, ni da Ammi, kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin tampol mai kusurwa shida, matata tana aiko mana hoton karin kumallo daga otal. Kwana huɗu muka yi a kan dutsen. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Abin da na koya bai da yawa. Idan dattijo ya zaro tsumma zai ɗaura a kan aikinka, ka matsa gefe ka riƙe masa ɗaya bakin. Tsumman nan yana nan har yau a aljihunsa. Duk ranar da na fara zuba a taron dangi, sai ya zaro shi a hankali ya hau goge tabarau, ni kuma in ja bakina in yi shiru.