Ganyen Dogon-Yaro a Giyar Gwaggo Patience

Zuwa ga Mai Girma, Shugaban Mashaya Giyar Hannu na Ƙasar Amurka, Sarkin Ɗanɗano, Mai Gemu da Kofin Gilashi.

Ranka ya daɗe, don Allah ɗacin nan da gaske daɗi yake muku, ko kunyar juna kuke ji?

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran masu gemu, sunana Obed. A aji huɗu na tsaya, in ka ga rubutu ya karkace ka yi haƙuri. Ni baƙo ne a sana'ar nan. Da daminar bana zama ya gagara a ƙauyenmu ta wajen Kazage, sai na dawo gidan ƙanwar babana, Gwaggo Patience, kusa da Gayam. Ita ke dafa burkutu. Ni aikina faskare da ɗibar ruwa da juya tukunya in hannunta ya gaji. Ba a taɓa neman shawarata ba, kuma yanzu na gane dalili.

Ga yadda muka haɗu da ku. Ɗanta Miracle yana aiki a wani otal a Abuja. Da ya zo gida ya nuna mini ku a waya, kun kewaye dogon tebur kuna zaɓen giyar da kuka fi so, wadda kuke ce wa fel el. Shi ke fassara, ni ina gyaɗa kai. Daga nan ƙorafina ya taso, kuma da ladabi zan jera shi.

Na farko, Ranka ya daɗe, kun yabi ɗaci har kuna tafa masa. Miracle ya ce wani fure kuke zubawa, shi ke kawo ɗacin. Amma me ya hana ku faɗi abin da mutum zai yi in garinsu babu furen? Ni da na fito na ɗaga kai, sai ga dogon-yaro a ƙofar gida, ɗaci kyauta tun daga ƙasa har sama. Na ce ashe a inuwar arziki muke zaune ba mu sani ba.

Na biyu, kun ce mai kyau tana ƙamshin lemu. Wannan ma na yi biyayya. Ran kasuwa na bi mai lemu ina tsintar ɓawo, har Mairama mai ƙosai ta tambaye ni ko akuya na saya. Kun kuma ce tana ƙamshin daji. Nan kam na saɓa muku, ku gafarce ni. Namu dajin ba a shiga shaƙar ƙamshi, ko itace sai da rana tsaka muke yi, kunne a buɗe.

Na uku, taku ana hango mutum ta cikin kofi. Tamu ja ce mai kauri, wanda ya sha ba ya neman tuwo. Sai na ji kunya a madadinta, alhali ita ba ta ce tana jin kunya ba. Na nemi ƙyallen da ya fi tsabta a gidan don in tace ta, na samu ɗankwalin Gwaggo na zumuntar mata. A da can fari ne.

To, Mai Girma, tukunyar da na yi wa wannan aikin ba ta sayarwa ba ce, ta gayya ce. Ko kuna gayya a Amurka? Gonar Gwaggo tana bakin daji, mijinta ya rasu, dawa ta nuna. Dole a girbe ta yini guda a kwaso gida kafin la'asar, don abin da ya kwana a can ba lallai ya zama naka ba. Maza na barin nasu aikin su zo, ba a biyan kowa, ladarsu tuwo da giyar Gwaggo, wadda ta yi suna har ƙauyuka na gaba. Kusan mako ta yi tana fama, ta jiƙa dawa, ta tsira, aka niƙa, aka dafa. Ran dahuwa ta biyu ta raka maƙwabciya asibiti a Birnin Gwari. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Obed, wuta. Kada ta mutu, kada ta yi yawa." Tana fita na zuba ganyen dogon-yaro da ɓawon lemu a tukunyar, daga baya na tace da ɗankwalin. Wutar dai na kula da ita sosai, wannan ko a gaban fasto zan faɗa.

Jiya da yamma na kai wa Baba David ɗanɗano, tsohon da ya fi kowa sanin giya a nan. Ya kurɓa, ya daɗe yana kallon bango. Can ya tambaya a hankali wa ke fama da zazzaɓi a gidan.

Gwaggo ba ta dake ni ba, ai da duka ya fi sauƙi. Ta ɗanɗana, ta dubi ɗankwalinta a kan igiya, ta ce, "Ɗan yayana, da wa ka yi shawara?" Na ce da Amurka. Ta ce, "To, Amurka za ta zo girbi?"

Shi ne na huɗu, Ranka ya daɗe. Za ku zo? Na san hanya ba kyau, ba na matsa muku. Cikin masu gayyar, su Salmanu da ba sa sha, nasu da sauƙi, kununsu lafiya lau, tunda Gwaggo ta kulle shi a ɗaki ta rataya mabuɗi a wuya. Sauran fa? Babu lokacin dafa wata. In suka ji an raina musu hankali suka saɓa magirbi suka koma, dawar nan ta tafi, ni ma ina jin na tafi.

A al'adarmu wanda ya dafa giya shi ke fara sha a gaban jama'a, don kowa ya ga ba komai a ciki. Gwaggo ta ce tunda ni na ƙarasa aikin, ba za ta ƙwace mini girma ba. Baba David ya yi alkawarin in na shanye fuska ba ta motsa ba, zai tashi ya ce wa maza sabon dahu ne mai korar zazzaɓi, Gwaggo ta yi musu shi takanas. In na yamutsa fuska, ya ce bai san ni ba.

Saboda haka ba diyya nake nema ba. Sirri ɗaya nake roƙo, yaya kuke riƙe fuska? Tun asuba nake gwaji a madubin babur, ido ɗaya ya ƙi ba ni haɗin kai. Ko amfanin gemun ke nan? In haka ne ku riƙa faɗa tun farko, don wasunmu bai fito mana ba tukuna.

Dole in tafi yanzu. Ina jin maza na wasa magirbi a ƙofar gida, Gwaggo kuma ta zaɓo mini ƙwarya, irin wadda ake auna hatsi da ita.

Naka mai biyayya, wanda biyayyar ce ta kai shi nan,

Obed Auta,
mai juya tukunya, ya zuwa safiyar yau.