Ranar da Na Sa wa Kawu Shawara

Da Kawu zai tafi Umara, sai ya bar min makullin sabon falonsa, wanda aka shimfiɗa wa katako mai ja-ja. Ya ce, "A yi fenti ruwan madara. In ya yi kyau, babur ɗin nan naka ne."

Ni kuwa da na taɓa riƙe wa mai fenti tsani a Mai'adua, sai na ga Kawu bai san zamani ba. Ai bango da ƙasa dole su zo iri ɗaya. Na sayo ruwan goro, na shafa har sau biyu, na tsaya ina jinjina wa kaina.

Ranar da ya dawo, yana zaune ana ta barka da sauka, hasken taga ya daki bango, ya daki katako, ya sauka a fuskarsa. Inna, kakarmu, ta shigo ta ƙura masa ido, sai ta hau salati.

"Alhaji, shawara ka kwaso a can? Har idonka ya yi rawaya."

Kafin na buɗe baki an aika a jiƙo magani. Da aka fito da shi tsakar gida, sai ga mutum garau. Ya juyo ya kalle ni, na yi bankwana da babur a zuciyata. Sai ya fashe da dariya, ya ce in nemo buroshi.

Na sake fentin, babur ya zo hannu. Amma har yau in na tsaya a majalisa, sai wani ya gwale idonsa da yatsa ya ce, "Likita, duba min."